Kyanwar da Mama ta bar min ta daina kuka

Assalamu alaikum Anti Likita. Daga Zariya nake rubuto miki. Na daɗe ina jin nauyin kawo wannan magana, don na san wasu za su ce na rasa abin yi. Kyanwa gare ni, wadda na ɗauko daga gidanmu bayan rasuwar mahaifiyata bara. A ɗakin Mama ta girma, shekarunta za su kai 10. Mai surutu ce ƙwarai, ita ke tashe ni kafin kiran assalatu. Yau kwana 6 ke nan muryarta ta dishe. Da farko a shaƙe take fita, yanzu kuwa sai dai ta buɗe baki, ba abin da ake ji. Tana atishawa, idonta ɗaya yana kwantsa, ga hunturun nan. Tun shekaranjiya ta rage ci, jiya ko kifi na ajiye mata sai ta sunsuna ta juya. Ba a taɓa yi mata allura ba, kuma takan haura katanga da dare.

Na ce wa maigidana mu kai ta asibitin dabbobi, ya yi dariya ya ce mutane ma da ƙyar suke sayen magani, shi ne za a ɗauki mage a hau adaidaita da ita? Hajiyarsa, da muke gida ɗaya, ta ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari kada ta shafa wa ɗana cuta, don shekararsa 2 kuma kullum yana manne da ita. Ta ƙara da cewa ita ba ta yarda da magen da ke buɗe baki ba murya ba. Maƙwabciyata kuwa ta ce in jiƙa rabin fanado in ɗura mata. Ban ba ta ba tukuna. Ina da 'yan kuɗina na sana'ar turaren wuta da nake yi a ɗaki.

Anti, in bar ta ta warke da kanta, ko in dage? Ba na son saɓa wa mijina, ba na son Hajiya ta ga na raina ta, amma ita ce abin da ya rage min daga ɗakin Mama.

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya yafe mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ƙara muku haƙurin rashi.

Kafin komai, ki ajiye fanadon nan can nesa. Da na kai wurin da kika ce ba ki ba ta ba tukuna, sai da na sauke ajiyar zuciya. Maƙwabciyarki alheri take nufi, ta ga yana sauke wa yara zazzaɓi, amma ga kyanwa fanado, wato farasitamol, guba ne. Hantar mutum tana da hanyar sarrafa shi ta fitar. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin wannan aiki, sai maganin ya rikiɗe ya zama dafi, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa kai iska sassan jiki. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa, rabinta ma ba abin gwaji ba ne. Na taɓa karɓar wani muzuru da wani ɗalibi ya kawo a naɗe cikin rigarsa. Ya ga yana ɗingishi ne, ya tausaya masa, ya ba shi ƙwaya ɗaya da magariba. Da safe fuska ta kumbura, tafin ƙafa sun kumbura, na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya koma ruwan ƙasa kamar an shafa laka. Yaron yana tsaye a bakin tebur yana ta cewa wallahi taimakonsa ya yi niyya. Mun yi iya yinmu, bai kai la'asar ba. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, su ƙoda suke bugawa. Kada ki shafa mata man zafi a hanci ko a wuya, don lashewa za ta yi, kafur ɗin da ke ciki kuwa yana cutar da ita. Kada ki ɗura mata tafarnuwa ko albasa da sunan maganin mura, su ma jinin kyanwa suke ɓatawa.

Batun jin nauyi kuwa, ki sauke shi. Rai ne a hannunki, ba shi da bakin faɗar inda ke masa ciwo, kin lura, kin ƙirga kwanaki, kin tambaya kafin ki ɗura magani. Da masu kawo min dabbobi duka haka suke, da aikina ya yi sauƙi.

Bari in gaya miki abin da ke faruwa a wuyanta. Muryar kyanwa daga maƙogwaro take fitowa, kamar tamu. Akwai siraran tsoka biyu a ƙofar hanyar iska, iskar da ke fitowa daga huhu ke kaɗa su su ba da sauti. Da zarar sun kumbura, kaɗawar ta gagara, sai ki ga baki ya buɗe, ba komai. Dishewar ita kanta ba ta kisa. Kyanwar da ta kwana biyu tana kiran muzuru lokacin barbara takan wayi gari a dishe, ta huta yini ɗaya ko biyu murya ta dawo. Abin da ya sa ba ma sakaci da ita shi ne, ƙofar da murya ke fita ita ce ƙofar da numfashi ke shiga. Kumburin da ya ɗauke murya yau, idan ya ƙaru, numfashi zai taɓa.

Alamomin da kika lissafa, atishawa da kwantsa da dishewa da ƙin abinci, sun fi kama da murar kyanwa. Ƙwayoyin cuta biyu ne suka fi kawo ta. Ɗaya ana kiranta hafis ta kyanwa, ita ta fi taɓa ido da hanci. Ɗayar kuma kalisi, wadda kan fitar da miki a harshe da cikin baki, har cin abinci ya zama azaba. Ta farkon tana da wani hali: idan ta taɓa kama kyanwa, ko da tun tana 'yar jaririya ne, takan ɓuya a jiki har ƙarshen rayuwa, ta farka duk lokacin da jiki ya yi rauni ko hankali ya tashi. Ki duba rayuwar wannan kyanwa cikin shekara guda. Ta rabu da wadda ta raine ta, ta bar gidan da ta sani, ta shigo inda ɗan shekara 2 ke jan wutsiyarta. Ba abin mamaki ba ne tsohuwar cuta ta ɗaga kai. Irin wannan mura takan lafa cikin kwana 7 zuwa 10, wani lokaci ta ja har mako 3.

Sai kuma abin da na san ba za ki so ji ba, turaren wutan nan. Ni ma ina sonsa, ɗakin mace ba ƙamshi ai sai a hankali. Amma ɗakin da ake haɗa turare, ana gwada shi a kasko, an rufe tagogi saboda sanyi, ga ƙurar hunturu da ke shigowa ta ko'ina, wannan ɗaki yana wahalar da maƙogwaron da ya riga ya kumbura. Man turaren kuma yana sauka a gashinta, ita kuwa wankanta da harshe ne. Ba na cewa sana'arki ce ta kwantar da ita. Ina cewa hayaƙin zai hana ta saurin murmurewa. Daga yau, duk sa'ad da za ki sa garwashi a kasko ko ki buɗe kwalaben haɗi, ki fitar da ita, kada ta dawo sai ɗakin ya sha iska. Haka maganin sauro na kunnawa da na fesawa, balle fiya-fiya, wanda ko kusa kada a zuba shi inda take kwana.

Yanzu ga abu biyu da nake so ki sa wa ido fiye da muryar: numfashinta da cinta. Yau da dare, idan ta yi barci, ki zauna kusa ki kalli haƙarƙarinta ba tare da kin taɓa ta ba. Ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. Ki ƙirga na daƙiƙa 30 a agogon wayarki, ki ninka biyu. Lafiyayyar kyanwa mai barci ba ta wuce 30 a minti. Idan kin samu sama da 40, ki sake ƙirgawa bayan ɗan lokaci, in har yanzu haka ne, ba a jiran gobe. Haka idan kin ga tana numfashi baki buɗe. Kare yakan yi haki ya zaro harshe don zafi, wannan ɗabi'arsa ce, amma kyanwa a zaune a inuwa tana haki, iska ce ke gagarar ta. Idan kina jin fito ko gurgura duk sa'ad da ta ja numfashi, ko ta durƙusa ta miƙe wuya gaba tana tura ciki, ko harshe da dasashi sun yi fari fat ko sun yi shuɗi-shuɗi, a wannan sa'ar ake fita da ita, ko da tsakar rana ce ko bayan isha'i.

Cin abinci kuwa, kyanwa ba ta jure yunwa kamar kare. Da hanci take ci, idan majina ta toshe shi, kifin da ke gabanta da dutse duk ɗaya ne, shi ya sa ta sunsuna ta juya. Idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, jiki yakan kwashi kitse ya tura hanta fiye da yadda za ta iya sarrafawa, sai hantar ta cushe, a bar maganin mura a koma fama da abin da ya fi ta. Don haka muke cewa kyanwar da ta yi awa 24 ba ta sa komai a baki ba, a kawo ta.

To ga amsar tambayarki kai tsaye: ki dage, kuma gobe da safe. Da a ce 'yar shekara 2 ce, ta dishe jiya, tana ci tana sha tana tsalle, da na ce ki kula da ita a gida kwana 2 ko 3 ki gani. Taki kuwa ta kwana 6, abin gaba yake yi, ta fara barin abinci, kuma tsohuwa ce. Kyanwa mai shekara 10 kamar mutum ne mai shekara 56. A wannan shekaru akwai abubuwan da kan fake bayan dishewar murya waɗanda sai hannun likita ya taɓa ake gane su. Akwai ƙullutun nan na wuya da ke kawo wa mutane maƙoƙo. A tsofaffin kyanwoyi yakan girma ya yi aiki fiye da kima, ki ga kyanwa tana ci kamar gara tana ramewa, tana yawan shan ruwa, murya ta sauya. Akwai ƙari da kan tsiro a maƙogwaro. Ba don in tayar miki da hankali na faɗa ba, murar ce dai na fi zato, amma waɗannan ana son a kama su da wuri.

Akwai kuma abin da kan maƙale. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo min kyanwa da aka yi mako 2 ana mata maganin mura, tana atishawa tana yunƙurin amai tana haɗiyar yawu da ƙyar. Muka yi mata allurar barci, na haska bayan ganɗarta, sai ga bakin wani abu kore yana leƙowa. Na kama da ɗan hantsaki na ja a hankali, ganyen ciyawa ne, tsawonsa ya kai ɗan yatsa. Kafin yamma ta cinye abincinta. Ƙayar kifi ma na yin haka, da allurar ɗinki. In kin taɓa ganin zare yana leƙowa daga bakinta ko ta bayanta, kada ki ja, yana iya yanka hanji. Kuma kada ki cusa yatsa a bakinta don dubawa, ki bar wa likita, dalilin yana nan tafe.

Mu zo kan Hajiya. Maganarta kashi biyu ce, kuma kashin farko yana da tushe. Jikanta take ji wa tsoro, wannan kuwa ba wanda zai ga laifinta. Abin da za ki iya gaya mata da ƙarfin gwiwa shi ne, ƙwayoyin cutar nan biyu na murar kyanwa ba sa kama ɗan'adam, tsakanin kyanwoyi suke yawo. Amma zan gaya miki gaskiya tsakanina da ke, akwai cuta ɗaya da ke sauya muryar dabba wadda take kama mutum, ita ce haukan kare. Ba kare kaɗai take kamawa ba, kyanwar da kare mai ɗauke da ita ya ciza tana iya kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da kika bayyana bai yi kama da ita ba. Dabbar da ta kamu halinta ke sauyawa, mai sanyi ta koma cizo ba dalili, ko yawu ya riƙa dalala, haɗiya ta gagara, muƙamuƙi ya saki, ƙafafun baya su shanye, ba ta kuma cika wuce kwana 10 ba bayan alamu sun bayyana. Atishawa da kwantsa ba hanyarta ba ce. Sai dai tunda taki tana haura katanga kuma ba a taɓa yi mata rigakafi ba, ki duba jikinta ko akwai tabon cizo, ki tuna ko ta taɓa dawowa da rauni cikin watannin nan, ki faɗa wa likita. Ki raba ta da yaron har a duba ta. Kyanwar da ba ta da lafiya ma, ko ta Lami ce, tana iya kai yaƙushi idan aka matsa mata. In ta ciji wani ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a ce sai an ga abin da zai biyo baya.

Kin ga ke nan, damuwar Hajiya ita ce babbar hujjarki. Idan aka kai ta bayan gari aka yar, ba wanda zai taɓa sanin abin da ke damunta, yaron kuma ya riga ya yi kwana 6 yana rungumarta. Idan likita ya duba ta, an sani. Idan ta warke aka yi mata allurar haukan kare da ta mura, don ba a yi wa mara lafiya rigakafi sai ta murmure, jikan Hajiya ya fi samun kariya fiye da da. Da wannan za ki je mata, a zaune, da ladabi: "Hajiya, maganarki ta tsaya min a rai, shi ya sa na raba su, kuma nake so likita ya duba ta mu san ko akwai abin da zai shafi yaron." Kin bi maganarta, kin kuma ceci kyanwarki.

Kashi na biyu, na rashin yarda da mage mai buɗe baki ba murya, kada ki yi musu da ita a kai. Mun taso mun tarar ana faɗar abubuwa iri-iri a kan mage, musamman baƙa, ba a kuma cire wa dattijuwa abin da ta girma da shi da gardamar yini ɗaya. Ranar da muryar ta dawo, maganar za ta mutu da kanta. In batun buhu ya sake tasowa, ba ke ya kamata ki ja hadisi a gaban surukarki ba, ɗanta ya fi dacewa. Ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Buhari da Muslim. Tsohuwar kyanwar ɗaki, mara lafiya, wadda ba ta jin ƙamshin abinci, a ajiye ta a jeji cikin sanyin nan, kowa ya san ƙarshenta.

Shi kuma maigida, dariyarsa ta yi miki ciwo, na sani. Amma ki saurari abin da ke ƙarƙashinta. Mutum ne da ke lissafin cefane da kuɗin makaranta da na asibitin mutane, a ransa kuma asibitin dabbobi na masu shanu ne da masu karnukan gadi. Yawancin mazanmu ba su taɓa ganin an ɗora kyanwa a teburin likita ba, yana kuma hango abokansa suna ganinsa da mage a kwali. Kada ki tayar da maganar a gaban Hajiya, don a nan dole ya tsaya a kan bakansa. Ki bari ya ci abinci ya huta, ku biyu. Kada ki nemi ya ji abin da kike ji game da kyanwar, ba a ɗakin Mama ya girma ba. Ki nemi abu ƙarami mai iyaka: izinin fita na awa 2, da kuɗinki, ki kuma faɗi adadin da ba za ki wuce ba sai kin sake shawartarsa. Ki gaya masa batun yaron da rigakafin. Ki tuna masa tun da ta zo gidan ko ɓera ya sake taɓa buhun masara, ga shi lokacin rani ne da zazzaɓin Lassa ke yawaita, ɓera ne kuma ke yaɗa shi. Daga ƙarshe ki faɗa masa abin da kika faɗa min a layin ƙarshe na wasiƙarki. Ina zaton ba ki taɓa furta masa shi haka ba, shi mage kawai yake gani.

Kin yi sa'ar gari. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, da sashen da ke duba karnuka da kyanwoyi, akwai kuma asibitin dabbobi na gwamnati. Da kin isa ki tambayi kuɗin kati da na dubawa, ki gaya wa likita abin da ke hannunki ba kunya. Mukan tsara aiki daidai aljihu. Matakin farko duba ne da hannu da ido: a auna zafin jiki, wanda a kyanwa yake tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya kaɗan, a saurari ƙirji, a lalubi wuya, a buɗe baki. Sau da yawa a nan ake gane matsalar. Gwajin jini ko hoto ko leƙa maƙogwaro da allurar barci, sai in an ga dalili. Kada ki riƙe ta a hannu cikin adaidaita, ƙarar hon ɗaya ta isa ta ɓalle ta shige kwata. Kada kuma a sa ta a buhu, mai fama da numfashi ce. Ki samu kwali mai ƙwari ki huda shi ta ko'ina, ko kwando mai murfi, ki shimfiɗa zanen da ta saba kwanciya a kai, ki ɗaure. Ki ɗauki ɗan bidiyonta tana ƙoƙarin kuka da wanda take barci, don a gaban likita tsoro kan sa su ƙame. Ki faɗi komai, har turaren da haura katangar.

In an ba ki magani, ki sani maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya ba ya kashe ainihin murar, ana ba da shi ne idan wata cutar ta hau kai, kamar majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore. Ki cika kwanakin da aka ce. Duk ƙwayar da kika ba ta ki bi ta da ɗan ruwa ko loma, don wasu kan maƙale a maƙoshin kyanwa su ƙona wurin.

Idan maigida ya ce ke dai ba za ki fita da mage ba, kada ki saci jiki, ba a nan hanya ta ƙare ba. Ƙaninki ko wani ɗan'uwa zai iya kai ta da bayaninki a rubuce. Akwai likitocin da ke zuwa gida, musamman masu zagayen duba awaki da kaji, ki tabbatar dai likitan dabbobi ne na gaske. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a je kara ko shagon magungunan dabbobi a ce a ba da na mura. Ma'aunin sa da tunkiya suka saba da shi, kyanwa kuwa kilo 3 ce ko 4. In kuma Hajiya ta kafe sai ta bar gidan, ki nemi a mayar da ita gidanku ko wurin wata 'yar'uwarki ta yi jinya a can, ya fi bayan gari nesa ba kusa ba.

Kafin gari ya waye ga abin da za ki yi mata. Ki ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, ba hayaƙi, ki rufe kada ta fita. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki goge mata hanci da ido, kowane ido da audugarsa. Ki yi mata sirace, amma ba irin namu na lulluɓa da zane a kan tukunya ba, za ta ƙone ko ta firgita. Ki kai bokitin ruwan zafi banɗaki ki rufe ƙofa, ki zauna da ita a cikin kwandonta nesa da bokitin na minti 10 zuwa 15, ruwa zalla, ba ganye ba man zafi. In numfashinta na wahala, ki bar siracen, asibiti kawai. Bayan an fito hanci ya ɗan buɗe, a lokacin za ki miƙa abinci: kifin gwangwani ko dafaffen kifi da kika tsince ƙayarsa tsaf, ko tsokar kaza, ki farfasa da ɗan romon da ba albasa ba yaji ba magi, ki ɗumama kaɗan don ƙamshi ya tashi. Ki ɗan shafa a leɓenta da bayan cokali, wani lokaci ɗanɗanon farko ke buɗe ci. Kada ki ɗura da ƙarfi, tana iya shaƙewa. Madara kuwa ki bari, manyan kyanwoyi da yawa zawo take sa su. Ruwa mai tsabta ya kasance kusa da ita.

Na lura da abin da kika fara faɗa game da ita, cewa ita ke tashe ki kafin assalatu. Ina jin haka take yi wa Mama shekara da shekaru, kuma shirun asubar nan na kwana 6 ya fi komai damun ki. Idan mura ce, murya takan dawo a hankali, da farko a shaƙe kamar ta tsohon ladan, sannan ta washe, wani lokaci sai bayan ci ya dawo da kwanaki. Kada ki yi ta kiranta don ki gwada, maƙogwaron hutu yake so. Yau da dare ki ƙirga numfashin ki rubuta a takarda, gobe ki tafi da ita. Ki rubuto min abin da likita ya gani a bakinta, da yadda kuka ƙare da maigida. Ki gaida Hajiya, ki shafa min kan yaron.

Antinki